Yadda Ake Jinya Bayan Tiyatar Ƙaba ta Ƙananan Huda

Mutanenmu na Sabon Wuse da kan je manyan asibitocin Abuja a yi musu aikin ƙaba da kyamara, sukan dawo gida ran nan ko washegari da 'yan huda uku a ciki, kowace ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. Ƙanƙantar ciwon ita ke yaudarar mutane. Aikin yana can ciki, inda likita ya shimfiɗa raga ya toshe kafar da hanji ke zurarowa, kuma sai nama ya yi makonni kafin ya kama ragar.

Ranar sallama, nemi mota ka zauna gaba. Kada ka hau acaɓa daga bakin titin Kaduna zuwa gida.

Tun ranar farko ka tashi ka riƙa ɗan zagaya tsakar gida, domin tafiya na hana jini daskarewa a ƙafa. In ka ji kafaɗa na ciwo kada ka tsorata, iskar da aka hura maka a ciki ce, takan wuce cikin kwana biyu ko uku. Tari ko atishawa in ya zo, danna matashi a mara. Sallah kuwa yi ta a zaune har ruku'u ya daina ja maka ciki.

Sai batun bayan gida, wanda kunya ke hana a faɗa. Yunƙuri a tsugune yana matsa wurin aikin ƙwarai. Sha ruwa sosai, ka yawaita gwanda da lemo da miyar kuɓewa ko alayyafo. Tramadol na busar da ciki, tsaya kan maganin da aka rubuta maka. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a shafa masa komai.

Mai aikin ofis ko tsaron shago kan koma bayan mako 1 zuwa 2. Amma ɗan dako, da mai ga-ruwa, da manomin doya, da yaran tirela a Tafa, su haƙura da kaya mai nauyi mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce. Na san cefane ba ya jira, shi ya sa ya kamata 'yan'uwa su ɗauke wa mutum nauyin gida na wannan ɗan lokaci. Kusantar iyali ma a bari sai wajen mako biyu, in zafi ya lafa.

Ɗan kumburi ko duhun fata a maraina yakan faru, ya baje da kansa. Amma zazzaɓi, ko mugunya, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ba na kemis ba ne, a wuce Babban Asibitin Sabon Wuse ko na Suleja nan take. In zafin mara ya haura wata uku, koma wurin likitan da ya yi aikin, da takardar sallamarka a hannu.