Darasi: Dutsen Zagami da Tambayar Mafarin Rai

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Zagami, a lardin Katsina, sai wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama, ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake. Daga baya masana suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne, gama iskar da ta maƙale cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. Ba a ga alamar rai cikinsa ba.

Irin wannan labari ne yakan sa yaro a Gwallaga, ko wata unguwa ta Bauchi, ya komo daga makaranta ya ce, "Baba, yaya rai ya fara? Akwai masu rai a wata duniya?" Uban da ya amsa da tsawa ya koya wa ɗansa cewa bangaskiya tana tsoron tambaya, ɗan kuwa zai nemi amsa a wani wuri.

Masana sun sami burbushin ƙananan halittu cikin duwatsun yammacin Ostireliya, suka ƙiyasta shekarunsu kusan biliyan 3.5. A 1953 Stanley Miller na Jami'ar Chicago ya nuna cewa idan aka ratsa ruwa da wasu iskoki da tartsatsin lantarki, ana samun amino asid, wato tubalan furotin na jiki. An sami irinsu cikin dutsen da ya faɗo a Murchison, Ostireliya, a 1969. Ƙurar da kumbon NASA ya kawo daga dutsen sama na Bennu a 2023 tana ɗauke da 14 cikin 20 da jiki ke amfani da su.

Amma kowane magini ya san tarin tubali a fili bai zama ɗaki ba. Ƙwayar halitta mafi ƙanƙanta tana bukatar fatar da za ta tsare ta, da hanyar samun ƙarfi, da tsarin haifar irinta, duka a lokaci ɗaya. Har yau babu ɗakin gwajin da ya tayar da mai rai daga matattun sinadarai. Malamin da ya ce an gama warware wannan ya wuce gona da iri.

Farawa 2:7 ta danganta jikin mutum da turɓayar ƙasa, numfashinsa kuwa da Allah, don haka samun kayan jikinmu cikin ƙura ba abin razana mai bi ba ne. Game da rai a wasu duniyoyi, Littafi Mai Tsarki bai yi magana ba, kada iyaye su sa masa magana a baki, kada kuma su ruɗu da kanun labarai. A 1996 an yi shelar ganin abin da ya yi kama da burbushin ƙwayoyin halitta cikin wani dutsen Mars da aka tsinta a Antaktika, yawancin masana ba su gamsu ba. A 2025 NASA ta ce motar bincikenta Perseverance ta ga wasu tabo a jikin dutse, mai yiwuwa sawun rai ne na dā. Gutsuren da ta ɗiba yana can Mars, ba a kawo shi an auna ba tukuna.