Darasi: Waiwayen Mako, Ina Muka Kwana da Burinmu?

Manufar darasi: kowace 'yar ƙungiya ta iya gane, mako-mako, ko tana kan hanyar abin da take tara wa kuɗi, kuma ta san abin yi in ta ga ta fara baya.

Lokaci: minti 40. Kayan aiki: littafin zubi na kowa, tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya, da ƙananan kwanoni biyu.

Gabatarwa

Kowane zama muna buɗe akwati a gaban kowa, masu makulli uku su kawo makullansu, masu ƙirga su ƙirga, a faɗi jimla da ƙarfi. Wannan lissafin ƙungiya ne. Akwai lissafi na biyu da babu mai yi miki shi sai ke: nawa ya rage ki kai ga burinki? Mace tana iya halartar kowane zama, ba a taɓa cin ta tara ba, amma ranar rabo ta tarar kuɗinta ba su kai akuyar da ta yi niyya ba. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Irin wannan asusu namu ya samo asali ne daga maƙwabtanmu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Nijar, daga can tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan farko a ka suke riƙe lissafinsu, suna nanata shi a kowane zama. Saboda haka kada wadda ba ta karatu ta ce darasin ba nata ba ne.

1. Ki ba burinki suna, adadi da rana

"Ina son in ci gaba" fata ne kawai, ba a iya auna shi. Buri shi ne: tunkiyar kiwo kafin layya, buhun gero da kaka, keken ɗinki, kuɗin makarantar yara, ko ƙarin jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ki zaɓi ɗaya, ki tambayi kuɗinsa, ki raba shi da makonnin da suka rage kafin rabo.

Misali: a ce hannu ɗaya ₦500 ne, abin da kike so kuma ₦60,000, rabo saura mako 40. Kina bukatar ₦1,500 kowane mako, wato hannu uku. Ranar rabo ya kamata littafinki ya nuna tambari 120.

2. Me ya sa sai kowane mako?

Mu ci gaba da misalin. A mako na 10 ya kamata ki ga tambari 30. Kin ƙirga kin ga 24. Giɓin hannu shida ne, ₦3,000. In kika zuba hannu huɗu maimakon uku har tsawon mako shida, kin cike shi.

To in ba ki duba ba fa, kika ci gaba a haka? A mako na 35 za ki tarar da tambari 84 maimakon 105. Giɓin ya zama hannu 21. Dokar asusu ba ta yarda a wuce hannu biyar a zama ɗaya ba, don haka hannu biyu kaɗai za ki iya ƙarawa a kan ukunki. A makonni biyar da suka rage, hannu goma kawai za ki cike, ko da kuɗin na hannunki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Tambayoyi uku

Bayan an rufe akwati, kowa ta juya ga abokiyar waiwayenta, su tambayi juna:

"Yaya, mi kinka ce za ki yi makon jiya?"
"Kin yi shi? In ba ki yi ba, mi ya hana?"
"Mi za ki yi kafin zama mai zuwa?"

Amsar ta uku ta zama abu ɗaya, ƙarami, wanda za a iya gani. "Zan ƙoƙarta" ba amsa ba ce. "Zan karɓo bashin fura da nake bi gida biyu" amsa ce. "Zan ware kuɗin zubi tun daren kasuwa, kafin a yi cefane" ita ma amsa ce.

Wadda ba ta karatu ta aje kwano biyu a ɗaka. Ta zuba tsakuwa adadin hannun da take bukata a kwano ɗaya. Duk hannun da ta zuba a asusu, ta mai da tsakuwa ɗaya cikin ɗayan kwanon. Ido kaɗai zai gaya mata inda ta kwana.

4. In an samu giɓi, a nemo dalili

Dalilin da ke hannunki: cin jari, ba da kaya bashi ba lissafi, anko da gudunmawar biki da suka fi ƙarfinki. Maganinsa canja hali, tun wannan mako.

Dalilin gida: rashin lafiya, haihuwa, rasuwa. Don irin wannan aka kafa asusun taimako. Ki yi magana, kada kunya ta sa ki cinye jari.

Dalilin waje: mu nan Darna Sabon Gari, cinikinmu a ɗaure yake da kasuwar Illela da ta Ƙwanni. Mun ga yadda aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Haka kuma canjin naira da sefa kan motsa farashi. Wannan ba laifinki ba ne, amma lissafin ne zai canja: ko ki ƙara wa burin lokaci, ko ki rage shi, ko ki koma sana'ar da ake saye a cikin gari. Don haka sau ɗaya a wata ki sa a tambayo miki farashin abin da kike so a kasuwar Illela.

Ki kuma san makonninki masu nauyi tun da wuri: tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya shigo, da azumi da salla. Ki zuba da yawa da kaka don su.

Gargaɗi: kada ki ci bashi don ki cike zubi. Tambari zai ƙaru a littafi, amma aljihunki bai ƙaru da komai ba.

Ga mai jagorantar zama

Waiwaye ba shari'a ba ne. Ba gori, ba dariya, kuma abin da aka faɗa a zama ya tsaya a zama. Wadda ta zuba hannu ɗaya ta cika alkawarinta ta fi wadda ta yi alkawarin biyar ta kawo biyu. Ki fara da naki lissafin, sauran za su saki jiki.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane mako ne zubi ya fi yi miki wuya, kuma don me?
2. In farashin abin da kike so ya tashi, wanne za ki canja: lokaci, adadi ko burin kansa?

Aikin gida

Kowa ta zo zama mai zuwa da abu uku a bakinta: sunan burinta, kuɗinsa, da hannu nawa take bukata kowane mako. Ta kuma zaɓi abokiyar waiwayenta kafin a tashi yau.