GANDUN DAJIN YANKARI: NAZARI A KAN HIKIMAR KEƁE DAJI

1.0 Gabatarwa

Keɓe fili domin amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai hurumi, watau filin bayan gari wanda ba a yarda kowa ya noma ba, akwai kuma burtali da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Ita kuwa kalmar "gandu" asalinta babbar gona ce wadda uba da 'ya'yansa suke nomawa tare, amfaninta na gida ne baki ɗaya. Da hukuma ta soma killace dazuzzuka, sai aka ari kalmar aka ce "gandun daji". Wannan nazari zai dubi Yankari bisa wannan ma'ana.

2.0 Tarihi

Gandun yana ƙaramar hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Da aka raba jihohi a 1967 ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 kuma Jihar Bauchi ta gaje shi. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ta mayar wa Bauchi a 2006.

3.0 Abin da ake tsarewa

Kogin Gaji shi ne ran gandun. Idan rani ya yi tsanani, tafkuna suka ƙafe, nan giwa da ɓauna da gwanki da kanki suke taruwa, shi ya sa baƙi suka fi ganinsu a lokacin. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake wajen digiri 31, rani da damina. Aikin hukuma shi ne tsaron iyaka, da hana farauta da kiwo da saran itace, da kula da maziyarta.

4.0 Matsaloli

Giwa dai ba ta san iyaka ba. Takan fita ta tattake gonar da talaka ya yi damina guda yana wahalarta. Makiyayin da gonaki suka cinye masa burtali yakan kutsa gandu da shanunsa, mafarauci kuma yana kwaɗayin haure. Masu gadi da dama sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Domin ƙarfafa tsaro ne Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka a 2014.

5.0 Kammalawa

A gandun gida, wanda ya yi noma yana da rabo a rumbu. To, manoman da ke maƙwabtaka da Yankari su ne suke ɗaukar ɓarnar giwa. Muddin ba su ga rabonsu ba, ta hanyar aikin yi da diyyar amfanin gona, da wuya su ɗauki gandun a matsayin nasu. Dajin da maƙwabtansa suka juya wa baya kuwa, bindigar mai gadi kaɗai ba ta isa ta tsare shi ba.