Darasin Sana'a: Injin Zarto Mai Ɗamara da Yadda Ake Ɗame Zartonsa

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, iyalai da yawa daga Khartum, Wad Madani, Sinja da ƙauyukan Sinnar suka sauka a nan jihar Gadarif. Matasanmu da dama sun shiga neman abin kai wa bakin salati, wasu a gonakin dawa da riɗi, wasu kuma a shagunan kafintoci, waɗanda ake kira warsha a nan. Darasin yau na masu koyon kafinta ne, da kuma iyayensu. Za mu yi bayani a kan injin da ya fi kowane amfani wajen tsaga katako, wanda kuma kan raba mutum da yatsunsa idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Da Larabci sunansa minshar sharit. Mu za mu kira shi injin zarto mai ɗamara.

Yadda injin yake

Zarton wannan inji siririn ƙarfe ne mai haƙora a gefe ɗaya, an haɗa bakinsa biyu da walda ya zama zobe, kamar ɗamara. An ɗora shi a kan wili biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Injin lantarki yana juya wilin ƙasa, zarton kuma ya ja na sama. Tsakaninsu akwai tebur da ake ɗora katako. Haƙoran kullum ƙasa suke yi, suna danne katakon a kan tebur.

Wilin ƙasa a kafe yake. Na sama shi ne mai motsi: ana ɗaga shi ko a sauke shi da wani dogon sukuru mai hannun juyawa. In ya yi sama, zarto ya ɗame. In ya yi ƙasa, zarto ya saki. A jikin sukurun akwai sifirin mai kauri, a wasu tsofaffin manyan injuna kuma nauyin ƙarfe ne aka rataya a kan sanda. Aikinsu ɗaya ne: su riƙe zarton a ɗame ko da ya ɗan miƙe, su kuma shanye girgiza idan haƙora suka ci karo da kulli a katako.

Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1809, amma injin bai yi amfani ba a lokacin, domin zarton yakan tsinke a wurin haɗin. Sai a 1846 wata mata 'yar Faransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗa bakin zarton ya jure lanƙwasa. Har gobe wurin walda na cikin wuraren da ake fara dubawa.

Me ya sa ake ɗame zarto?

Kaurin zarton ƙaramin inji bai kai milimita 1 ba. In ka riƙe shi a hannu, lanƙwashewa yake kamar kaba. Abin da ke ba shi ƙarfin tsayawa a miƙe cikin katako shi ne jan da wili biyu ke yi masa. Dubi igiyar angarib: in an ja ta sosai takan ɗauki ƙato, in ta saki kuwa sai mutum ya lotsa.

Masu ƙera zarto sukan so a ja zarton ƙarfe na yau da kullum da ƙarfin kimanin kilo 10 a kan kowace milimita murabba'i ta jikinsa. Ɗauki zarto mai faɗin milimita 12 da kaurin milimita 0.6. In aka cire tsawon haƙora, saura kamar milimita 10. A ninka 10 da 0.6, a samu 6. Ke nan jan kilo 60 ake nema a kowane ɓangare, ɓangare biyu kuma kilo 120 a kan wilin sama. Wannan ya fi nauyin buhun dawa. Zarto mai faɗin milimita 25 kuwa zai nemi wajen ninki biyu na haka. Shi ya sa ba a ɗora faffaɗan zarto a kan ƙaramin inji: sifirin zai matse ƙurmus tun zarton bai ɗame ba, jikin injin ma ya iya lanƙwashewa.

In zarto ya yi sako-sako, yanka zai karkace, cikin katako ya yi ƙundu, zarton ya riƙa kaɗawa, wani lokaci ya zame daga wili. Mai aiki kuma sai ya ƙara turawa da ƙarfi, kuma a nan ne hannu ke suɓucewa ya faɗa wa haƙora. In kuma an ɗame shi fiye da kima, tsaga za ta fara fitowa a kwarmin da ke tsakanin haƙora, boris ya ci, robar da ke kan wili ta lalace, daga ƙarshe zarton ya tsinke.

Matakan ɗaura zarto

1. Kashe injin, ka zare waya daga soket. In da janareta ake aiki, kada ka dogara da cewa a kashe yake, wani na iya tayar da shi.

2. Buɗe murafun wili, ka goge dusar katako da ƙaron da suka manne. Ja matokaran zarto baya. Matokarai su ne ƙananan boris ko gutsattsarin ƙarfe da ke tare zarto ta gefe biyu da ta baya, a saman tebur da ƙarƙashinsa.

3. Duba zarton a haske, haƙori bayan haƙori, da wurin walda. In ka ga tsaga ko da ƙarama ce, ajiye shi. Ɗora mai lafiya, haƙora suna kallonka, tsininsu yana kallon ƙasa.

4. Juya hannun sukuru har zarton ya miƙe. In injin yana da ma'auni, kai shi kan lambar faɗin zartonka. Amma kada ka yarda da ma'aunin tsohon inji ɗari bisa ɗari, domin sifirin yakan gaji.

5. Gwada da yatsa. Ɗaga matokaran sama kamar santimita 15 daga tebur, ka tura gefen zarton da matsakaicin ƙarfi. In ya kauce fiye da milimita 6, bai ɗame ba tukuna.

6. Juya wilin sama da hannu, ka ga inda zarton yake zama. A bayan injin akwai wani sukuru da ke karkata wilin sama gaba ko baya. Juya shi kaɗan-kaɗan. A wili mai ɗan tudu a tsakiya, zarto a tsakiya yake zama. A manyan injuna masu shimfiɗaɗɗen wili kuwa, ana barin haƙora su ɗan leƙo waje da bakin wilin.

7. Sai yanzu za ka dawo da matokarai. Na gefe su tsaya a bayan kwarmin haƙora, da tazarar kaurin takarda. Na baya ya bar tazarar da ba ta wuce milimita 1 ba, kada zarto ya taɓa shi sai lokacin yanka.

8. Rufe murafu, ka kunna, ka saurara na ɗan lokaci kafin ka sa katako.

Kada ka sauya wannan jeri: ɗamewa, sannan daidaita zama, sannan matokarai. Matokarai ba sa gyara zarton da ya saki.

Zafi da sassautawa

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, kimanin milimita 0.012 a kowace mita, a kowane digiri ɗaya. Zarto mai tsawon mita 4, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, zai ƙara kusan milimita 2. Don haka zarton da aka ɗame da safe yana iya saki da hantsi, balle a watan Afrilu da zafin Gadarif ke haura digiri 40. A tsaya a sake gwadawa. In an ƙara ɗame shi yana da zafi, to da ya huce zai tsuke ya ja fiye da kima. Saboda haka in an tashi aiki da yamma, a sassauta shi, a rataya alama a jikin injin don kada wani ya kunna da safe zarto a sake.

In za ka sayi sabo

Tsawon zarto shi ne tazarar tsakiyar wili biyu sau 2, a haɗa da faɗin wili sau 3.14. Misali, wili mai faɗin santimita 60, tazara santimita 110: 220 a haɗa da 188, ya ba da santimita 408. A auna lokacin da wilin sama yake tsakiyar hanyarsa, don a samu wurin ɗamewa. Kaurin zarto kuma kada ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin 1000 na faɗin wili, wato milimita 0.6 ga wili mai santimita 60, domin mai kauri a kan ƙaramin wili saurin tsagewa yake. Sannan a zaɓi wanda aƙalla haƙora 3 za su kasance cikin katako a lokacin yanka.

Itacen wannan ƙasa

Bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, itace ne mai tauri ƙwarai, da shi ake yin katakon shimfiɗar layin dogo. Yana son kaifin zarto da turawa a hankali. Itacen da ya kwanta a baƙar laka ta Gadarif, a kankare shi kafin yanka, domin ƙasa na dakusar da haƙora. Katakon da aka ɓalle daga tsofaffin akwatunan kaya, a zare ƙusoshinsa kaf. Dakusasshen zarto ba ya gyaruwa da ƙarin ɗamewa, wasa shi ake yi. A kuma tuna, saran itace a gandun daji sai da izinin hukuma.

Kiyaye lafiya

Sauke matokaran sama da murfinsu har su kusa taɓa katako, kamar milimita 6 a samansa. Naɗe hannun jallabiya, cire rawani da zobe, kada ka sa safar hannu injin yana aiki. Yatsu kada su shiga layin yanka, in katako ya kusa ƙarewa ka tura da sanda. Gungumen da ba a fafe shi ba yakan mirgina, sai an kafe shi. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, alamar tsaga ce, kashe nan take. In zarto ya tsinke, kashe injin ka ja baya, kada ka buɗe murfi, domin wilin sama yakan ci gaba da juyawa shiru. Wanda ya yanke, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a garzaya asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa.

Iyaye, kafin ku miƙa ɗanku ga usta, ku je ku ga injin da idonku. Ku duba ko yana da murafu, ku tambayi wa ke ɗaura zarto. Yaro ƙarami ba shi da hurumi a gaban wannan inji, ko da shara ce, sai an kashe shi.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa faffaɗan zarto ya fi neman ja?
2. Wane mataki ne ke zuwa kafin gyara matokarai?
3. Wili mai santimita 50, tazara santimita 90. Nawa ne tsawon zarton?
4. Me ya sa ake sassauta zarto da yamma?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya sa wa sana'a albarka, Ya tsare mana hannuwanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.