Likitan Fata da Katin Inshora

Wata mai sauraronmu daga Lambara tana neman likitan fata mai karɓar katin inshora, saboda kircin da ya addabi ɗanta.

Malama, kada ki fara da Sakkwato. Ko inshorarki ta hukumar NHIA ta tarayya ce, wadda dokar 2022 ta kafa, ko ta SOCHEMA ta jihar Sakkwato, asibitin da kika yi rajista shi zai ba ki takardar turawa zuwa wajen ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In kika tsallake asibitin da kika yi rajista, daga aljihunki za ki biya. Kina iya cewa ɓata lokaci ne. To amma cututtukan fata irin su ƙazwa da makero, ma'aikacin lafiya na kusa da ido yake gane su. Wanda ya ƙi jin magani shi ake turawa. In za ki je, ki riƙo kwalin man da kika shafa wa yaron.