Ƙanwata Ta Daina Cin Abinci, Tana Cewa Gara Ta Mutu

 Ina zaune a Gummi, gidan aure, amma mahaifiyarmu da ƙannena suna Yargalma. Damuwata ƙanwata ce, shekararta 16. Tun da 'yan bindiga suka kashe mahaifinmu a gona ta canza. Ba ta zuwa Islamiyya, ba ta hira da kowa. In an zuba mata tuwo sai ta ɓoye ta bai wa yara, in Inna ta matsa mata ta ci, sai ta zagaya ta yi amai. Duk ƙasusuwan wuyanta sun fito, amma ta ce ita ƙiba ta yi mata yawa. Al'adarta ma ta ɗauke. An yi mata ruƙiyya, an sha rubutu, shiru. Da na je gida ta ce mini, "Yaya, da na mutu da kowa ya huta." Baffanmu ya ce iskanci ne, a yi mata aure kawai. Tana jaririya aka kwantar da ita lokacin gubar dalma, ko gubar ce ta dawo? Anti ki taimake ni, ba na barci.

Yayarta, daga Gummi

Ƙanwata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri.

Maganar da ta faɗa miki ita ce ta farko, sauran duk su biyo baya. Yarinyar da ta ce gara ta mutu ba a ce mata "ki daina faɗin haka, haramun ne" a wuce. Ta san haramun ne, a Islamiyya ta tashi. Abin da take nema shi ne wanda zai ji ta. Ki koma gida, ki keɓe da ita inda babu kunnen kowa, ki tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki ne? Kin taɓa gwadawa?" Mutane na tsoron cewa tambayar ce za ta sa mata tunanin, alhali binciken likitocin ƙwaƙwalwa ya nuna ba haka abin yake ba, yawanci ma sauƙi mai ciwon ke ji idan an tambaye shi. Duk abin da ta amsa, kada ki yi salati ki dafe ƙirji, kada ki yi faɗa. In ta ce ki rufa mata asiri, ki gaya mata gaskiya: ba za ki yaɗa ba, amma Inna da likita dole su sani.

Daga yau kada a bar ta ita kaɗai, har da dare. Maganin feshin gona, maganin ɓera, ragowar ƙwayoyin da ke cikin kwalla, a kwashe su a kai gidan wani a kulle. Wannan tunanin yakan taso da ƙarfi ne na ɗan lokaci sannan ya lafa, kuma idan babu abin cutarwa a kusa, sau da yawa ran yana tsira.

Batun abincin kuwa ciwo ne da likitoci suka sani, ba taurin kai ba. A wajenmu budurwa ƙiba take nema, har wasu na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, shi ya sa idan aka ga wadda ke gudun abinci sai a ce aljanu. Amma ƙin ci, da janyo amai, da ganin ƙiba a jikin da ya rame, da ɗaukewar al'ada, alamomi ne da ke tafiya tare, kuma sukan biyo bayan babban tashin hankali irin wanda kuka gani. Yawan amai na rage sinadaran da zuciya ke bugawa da su. Kuma ki ja kunnen Inna: kada a danne ta a yi mata ɗura. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka cika shi da abinci lokaci guda, zuciya na iya tsayawa. A hankali ake mayar da ci, likita na lura.

Ku fara da babban asibitin Bukkuyum, ko ki ɗauko ta zuwa na Gummi, wanda a ganina ya fi, tunda za ta kasance a gabanki. A auna ta, a duba jini, a tabbatar ba tarin fuka ko gyambon ciki ko ciwon suga ba ne. Ki faɗa wa likita maganar mutuwar da bakinki, kada kunya ta sa ki tsaya a kan "ba ta cin abinci". Ki nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa: akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Na san da an ambaci Kware za a ce "ai ba mahaukaciya ba ce". Haka ne. Masu ciwon damuwa da yawa suna zuwa su ga likita, su karɓi magani, su koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi a mutunta mai irin wannan larura, don haka duk wanda ya ce a kai ta inda ake sa mari, ku ƙi. In ta suma, ko ta sha wani abu, asibiti mafi kusa nan take, ba jiran gari ya waye.

Dalmar da kika tambaya: a 2010 gubar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar waɗanda suka rayu. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana shafar karatu da ɗabi'a, don haka ki sanar da likita wannan tarihin. Sai dai kada a ɗora mata komai a manta cewa yarinyar nan marainiya ce da ba ta gama kukan ubanta ba.

Baffa kuma kada ki yi ja-in-ja da shi. Ki nemi liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya faɗa masa cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma aure ba ya warkar da ciwon damuwa. Kai ta gidan miji a haka raba ta ne da masu lura da ita. A ci gaba da addu'a, a kuma tafi asibiti. Ku bi hanya da rana, a motar da kuka sani, ki riƙe katin asibitinta na da in Inna ta adana shi.