Barcin Dare da Tsabtar Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka, ƙarƙashin Maiken Nedergaard, suka bayyana tsarin gilimfatik, wato hanyoyin da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ta gefen jijiyoyin jini yana kwashe dattin da ƙwayoyin halitta ke fitarwa. A 2013 suka nuna cewa a ɓeraye masu barci gibin da ke tsakanin ƙwayoyin yakan buɗe da kusan kashi 60 cikin ɗari, har a fi saurin share amiloyid, furotin da ke taruwa a cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa gigin tsufa. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma masana na ci gaba da muhawara, amma wani bincike na 2021 da aka yi a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya ya danganta barcin awa 6 ko ƙasa da ƙarin haɗarin gigin tsufa.

Saboda haka ya kamata baligi ya nemi awa 7 zuwa 8 a lokaci tsayayye, ya bar goro da shayi mai kauri tun la'asar, ya ajiye waya nesa da shimfiɗa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci kuwa, likita ya kamata ya gani, ba mai sayar da ƙwayar barci ba.